Amsa: Kwana uku za su isa a taka daga Najaf zuwa Karbala?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ku tattakin Arba'in (tunawa da cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, ranar 20 ga Safar) daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi, kai da mahaifinka mai shekara 65. Kai kam za su ishe ka, amma tunda da Baba za ku tafi, ku ware huɗu. Tafiyar kusan kilomita 80 ce. An jera turaku masu lamba a gefen hanya har 1452, tsakanin kowane biyu kamar mita 50, da su za ku riƙa auna tafiyar kowace rana.

Abin da na gani yana karya dattawa a hanyar nan zafi ne, domin a 'yan shekarun nan 20 ga Safar a watan Agusta take faɗowa, lokacin da ranar Iraƙi ke wuce digiri 40. Ku tashi bayan sallar asuba, hantsi na ɗagawa ku shiga maukibi, wato rumfar da ake yi wa matafiya hidima a gefen hanya, ku kwanta, sai bayan la'asar ku ci gaba. Abinci, ruwa da makwanci kyauta ake bayarwa, kada ku cika jaka. Maganin Baba da takalmin da ƙafarsa ta saba da shi kawai nake roƙon kada ku manta. Allah ya kai ku lafiya.