Amsa: Yini guda zai isa a ga Colosseum da kewayensa?

Ka tambaya ko yini guda zai ishe ka zaga Colosseum, tsohon filin wasa na birnin Rum, da kufayin da ke kusa da shi. Ƙwarai zai isa, domin tikiti ɗaya ne ya haɗa filin wasan da dandalin Forum da tudun Palatine, kuma dukkansu da ƙafa ake bin su. Ƙofar nasara ta Sarki Constantine, wadda aka kammala a shekarar 315, tana fili a gefen ginin, ba a biyan ko sisi.

Sharaɗin shi ne ka sayi tikitin ta intanet tun da wuri, ka zaɓi lokacin safe, ka riƙe fasfo saboda da sunanka ake yankarsa. Colosseum kansa ba ya cin lokaci, sai dai idan kana son sauka ƙarƙashin ƙasa inda ake tsare namun daji a da, wanda tikitinsa daban ne. Forum da Palatine ne ke galabaitar da mutum, domin duwatsun tsohuwar hanyar sun goge sun yi santsi, ga ƙarancin inuwa, saboda haka ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, ka kuma tafi da gorar ruwa.