Ko sai ka canza suna ranar baftisma?

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Zuru lafiya. Ka ce kun kusa gama ajin baftisma a ikkilisiyarku ta Birnin Kebbi, kuma abokanka na cewa dole ka ajiye sunan da kakarka ta raɗa maka ka ɗauki na Littafi Mai Tsarki. Na gode wa Ubangiji da wannan labari, amma zancen sunan ya ba ni dariya.

Mu ma haka muka tarar. A zamaninmu mutum yakan shiga ruwa da sunan gida ya fito Bitrus ko Istifanus, har muka zaci sharaɗi ne. Al'ada ce kawai, ba laifi gare ta. Katolika sukan ba yaro sunan waliyyi, kuma tun yana jariri suke yi masa baftisma, Angilikan ma na yi wa jarirai. Mu kuwa sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

Za su kawo maka misalin manzo Bulus, wai da aka yi masa baftisma ne ya bar sunansa na da, Shawulu. To, buɗe Ayyukan Manzanni. A sura 9 aka yi masa baftisma a Dimashƙu, amma Shawulu aka ci gaba da kiransa har sura 13. Mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma a sura 8, ko sunansa ba a rubuta ba.

Abin da nake so ka zauna a kai shi ne Romawa 6. Shiga ruwan nan jana'iza ce: ana binne tsohon mutum tare da Almasihu, sabo ya tashi. Jana'iza kuwa ba a yin ta a ɓoye. Ranar tawa a rafi aka yi, da sanyin hunturu, matan zumunta na waƙa a bakin ruwa. Ina fitowa haƙorana na kaɗawa, sai idona ya faɗa kan maƙwabcin da muka shekara biyu ba ma gaisawa saboda iyakar gona. Ruwan bai wanke mini gabar ba, ni na sani. Amma tunda a gabansa na ce na mutu, da wane baki zan ci gaba? Kafin sati ya zagayo na je gidansa.

Sunanka dai riƙe abinka, sai in kai ne kake son ƙari. Ka sanar da mu ranar da wuri, innarka ta ce ƙafarta ƙafata. Kada ka manta da kayan canji.