Tambaya da Amsa: Gishirin Efsom a Gona da Ɗakin Haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne daga Kura. Ganyen tumatirina na ƙasa ya fara yin ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsa na nan kore. An ce in fesa gishirin Efsom. Ya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamar da ka kawo ta ƙarancin magnesiyam ce. Shi ne ke zaune a tsakiyar sinadarin da ke ba ganye launin kore, kuma idan ya yi ƙaranci sai shuka ta janye shi daga tsofaffin ganye ta kai wa sababbi. Shi ya sa na ƙasa ke fara nunawa. Idan kuwa sabon tohon sama ne ya fara yin fari, matsalar daban ce, kada ka ɓata kuɗinka. An fi ganin wannan a ƙasa mai yashi da ban ruwa ke wankewa, ko inda aka zuba takin potash da yawa.

Gishirin Efsom, wato magnesiyam salfet, kusan kashi 10 cikin 100 nasa magnesiyam ne, kashi 13 farar wuta. Sunansa daga garin Efsom na Ingila ya fito, inda aka fara samun sa a ruwan wata maɓuɓɓuga mai ɗaci. Auna gram 10 a kowace lita, wato gram 160 a goyon feshi mai lita 16. Narkar da shi a bokiti tukuna, ka tace, sannan ka zuba. Ka yi feshin da sassafe ko bayan la'asar, don na tsakar rana kan ƙona ganye. Maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, sau biyu ko uku ya isa. Kada ka haɗa shi da takin kalsiyam naitiret a tanki ɗaya: wani farin gari mai kama da alli zai kwanta ya toshe bakin feshin. Kuma ka sani, ba ya maganin baƙin tabon da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir. Wannan na ƙarancin kalsiyam ne da rashin daidaita ban ruwa, yawan gishirin ma ƙara shi yake yi.

Tambaya: Daga Damagaram nake. Ƙanwata ta yi jijjiga wajen haihuwa, aka yi mata allura a jijiya da ɗuwawu biyu, aka ce magnesiyam salfet ne. Me ya sa ake ta bugun gwiwarta da auna fitsarinta?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Wannan shi ne maganin da ya fi kowane tasiri wajen tsayar da jijjigar masu ciki da hana ta dawowa. Babban binciken Magpie na 2002 ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. A tsarin da aka fi bi, ana fara ba da gram 4 a jijiya a hankali, da gram 5 a kowane ɗuwawu, sannan gram 5 duk bayan awa 4, ana sauya ɓangare, har awa 24 bayan haihuwa ko jijjigar ƙarshe.

Ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi daga jiki. Idan fitsari ya gaza mililita 30 a awa, maganin zai taru. Alamar farko ta taruwarsa ita ce gwiwa ta daina harbawa idan an buga ta, daga nan numfashi ya sauka ƙasa da 16 a minti. Da an ga ɗaya daga ciki, a dakatar da allura ta gaba. Idan numfashi ya yi rauni, a ba ta kalsiyam gulukonet, maganin da ke karya ƙarfin magnesiyam, gram 1 a jijiya. Ki tabbata ta ci gaba da auna hawan jini bayan sallama, domin jijjiga kan zo ko bayan an haihu. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, a koma asibiti nan take.

Tambaya: Ana shan gishirin Efsom don taurin bayan gida?

Amsa: Ana sha, yana jawo ruwa cikin hanji ne ya sassauta bayan gida. Amma na kantin magani kawai, bisa adadin da ke jikin kwali, da ruwa mai yawa, ba na buhun taki ba. Mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da ƙaramin yaro kada su sha sai likita ya ce.