Ɗan kasuwar Agege da takarar kansila: abin da doka ta ba ka da abin da ba ta ba ka ba

Tambaya: Barista, a Katsina aka haife ni, amma shekarata 22 ina sayar da hatsi a Agege da ke Jihar Legas. Mutanen unguwa sun matsa mini in fito takarar kansila saboda tsadar haya da yawan masu karɓar haraji a kasuwa, wasu kuwa sun ce tunda ni ba ɗan asalin jihar ba ne ba ni da hurumi. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Alhaji, waɗanda suka faɗa maka haka ba su da madafa a doka. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito, sashe na 7 kuma ya wajabta wa gwamnatin jiha ta tabbatar cewa duk wanda ya cancanci tsayawa takarar majalisar dokokin jiha yana da damar tsayawa a zaɓen ƙaramar hukuma. Sharuɗɗan cancantar suna sashe na 106: ka kasance ɗan Najeriya, ka kai shekara 25 tun bayan gyaran da aka yi a 2018, kana da ilimi daidai da matakin sakandare, sannan wata jam'iyya ta tsayar da kai. Babu inda aka ambaci asali.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ainihin ƙofar, domin dokarmu ba ta san ɗan takara mai zaman kansa ba. Hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ita ce ke gudanar da zaɓen, amma sunan da jam'iyya ta miƙa mata kawai take karɓa, kuma a zaɓen 12 ga Yulin 2025 APC ce ta lashe kujerun shugabanni 57 gaba ɗaya, wato ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37. Ke nan kokawar tana cikin gidan jam'iyya, a matakin mazaɓa, tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Idan katinka na zaɓe har yanzu na Katsina ne, ka nemi INEC ta dawo da rajistarka mazaɓar da kake zaune, ka kuma tanadi takardar shaidar biyan harajinka.

Inda nake so ka yi hattara shi ne alkawarin da za ka ɗaukar wa jama'a. Kansila ba shi da ikon rage kuɗin haya ko da kwabo. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 majalisar jiha ce ta yi ta, kotu ce kuma ke aiwatar da ita. Dokar ce ta hana mai gida karɓar haya ta fiye da shekara ɗaya daga sabon mai haya, ta kuma tanadi cewa, idan babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata-wata kuwa wata ɗaya, bayan haka a ƙara masa na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Sau da yawa mutanenmu kan zo ofishina bayan an riga an cire musu ƙofa an zubar da kayansu a bakin kwata, alhali wannan laifi ne a dokar, kuma akwai cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jiha da ke sauraron irin wannan rigima kyauta. Kansilan da ya san wannan, ya riƙa raka mutanensa can, ya fi mai alkawarin da ba zai iya cikawa ba amfani. Haka nan harajin filaye da gidaje da ake aiko wa masu gida takardarsa duk shekara, gwamnatin jiha ce ke karɓarsa.

Batun kasuwa kuwa naka ne. Jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da shaguna, kuma majalisar kansiloli ce ke yin dokokin ƙaramar hukuma, ita ke amincewa da kasafin kuɗin shugaban ƙaramar hukuma, tana kuma da ikon tambayarsa yadda aka kashe su. Idan mai rumfa yana biyan mutum uku a rana guda, kowanne da rasit mai launi daban, kansila yana iya tashi a zauren majalisa ya nemi a fito da jerin kuɗaɗen da doka ta amince da su, a kafa shi a bakin kasuwa da Yarbanci da Hausa. Saboda haka tun yanzu ka sa 'yan kasuwarku su riƙa ajiye kowane rasit, a rubuta kwanan wata da wurin da aka karɓi kuɗin a bayansa, domin da su za ka shiga taron mazaɓa, da su kuma lauya zai yi aiki idan abin ya kai kotu.