Dukushi mai shekara 2 da rabi: a hau shi yanzu ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Unguwar Rogo a nan Jos. Na sayi dukushi, wanda ya sayar mini ya ce shekararsa 2 da rabi. Yana bin ragama lafiya lau, amma ranar da muka ɗora masa sirdi muka ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ƙirji, sai ya yi ta tutsu har ya tsinke igiya. Yaron da ke kula da shi ya ce a sa masa babban linzami, a samo ƙato ya hau shi, a yi ta sukuwa da shi har ya gaji, daga nan zai yi laushi. Ni kuma so nake in hau shi a hawan angwancin ƙanena nan da wata 3. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri a auren, ya kuma sa wa dokin albarka. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Hawan angwancin nan ka nemi aron horarren doki, ka bar dukushin a turke. Wata 3 na iya isa a koya masa ɗaukar sirdi a fili babu kowa, amma ba za su isa a shigar da shi cikin kiɗa da algaita da ƙarar babura da yara masu ihu ba. Dokin da ya fara firgita a cikin taro da mutum a bayansa yakan daɗe bai manta ba, ga kuma 'ya'yan mutane a gefen titi.

Kafin komai, buɗe bakinsa ka tabbatar da shekarun, don mai sayarwa yakan ƙara ko ya rage yadda ciniki ya kama. Doki na fara famfara ne a shekara 2 da rabi: haƙoran gaba biyu na tsakiya, sama da ƙasa, su faɗi, manya su fito. Na kusa da su suna sauyawa a shekara 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, baki ya cika a shekara 5. Idan ka tarar duk na gaban ƙanana ne farare, babu wanda ya girgiɗe, to bai ma kai abin da aka faɗa maka ba. A wannan tsakanin wasu daga turamen ciki su ma suna sauyawa, dasashi na ciwo. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin haƙori da ke fito wa wasu dawakai a gaban turamen sama, daidai inda ƙarfen linzami ke zama, in ƙarfe ya taɓa shi sai doki ya dinga fizgar kai. Likitan dabbobi na cire shi cikin sauƙi. Mu a Filato ba mu da uzuri a nan, Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, na kusa da mu, kuma masu dawakan folo a Jos sun san likitocin da hannunsu ya faɗa a bakin doki.

Sai maganar baya. Ƙasusuwan doki daga ƙasa suke fara ƙosawa su yi sama. Na wajen kofato sun riga kowa, na gwiwa suna rufewa wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, ƙashin baya da na wuya kuwa su ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Wato wurin da za ka zauna shi ne bai gama ƙwari ba. Na san za a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a Ingila da Amurka ana tsere da 'yan shekara 2. Gaskiya ne, amma masu hawansu ba su cika wuce kilo 55 ba, sirdinsu kuma ba nauyi. Sirdinmu na gargajiya da itacensa da jalala da likkafan ƙarfe shi kaɗai ma kaya ne. Ma'aunin da masu kiwon doki ke yawan bi shi ne kada mahayi da sirdi su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. In dokinka kilo 300 ne, lissafin ya tsaya a kilo 60, wannan kuwa ga cikakken doki ke nan, ba dukushi ba.

Dabarar yaronka ta tsufa, kuma ba zan ce ba ta aiki ba. Dokin zai tsaya, amma gajiya ce ta tsayar da shi, bai fahimci komai ba. Irin su ne za ka gani daga baya bakinsu ya mutu, ka ja kamazuru, wato igiyar linzami, da hannu biyu ba sa ji, ko kuma su miƙe tsaye da ƙafa biyu da zarar ƙarfe ya taɓa su. Babban linzaminmu mai harshe da zobe an yi shi ne don dokin da ya riga ya iya, wanda taɓawa kaɗan ta ishe shi ya yi zamiya a gaban sarki. A sa shi a bakin mai famfara zalunci ne.

Tutsun da ya yi kuwa ba taurin kai ba ne. Abu ne ya sauka a bayansa, inda ba ya gani sosai, sannan wani abu ya matse masa ƙirji farat ɗaya. Duk doki mai lafiya haka zai yi.

Abin da nake so ka riƙe, ka kuma koya wa yaron, shi ne doki ba a lokacin da ka matsa masa yake koyo ba, a lokacin da ka saki yake koyo. Ka ja ragama a hankali, ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gare ka, nan take ka sassauta. Sassautawar ce ta gaya masa ya yi daidai. In ya ba ka abin da ka nema kai kuma ka ci gaba da ja, ka koya masa cewa biyayya ba ta da amfani. In kuma ya yi turjiya ka saki, ka koya masa turjiya. Yawancin dawakan da ake kira masu mugun hali, hannun mutum ne ya saki a inda bai kamata ba.

Da wannan za ka koma farko, daga ƙasa. Ya iya tafiya in ka tafi, ya tsaya in ka tsaya, ya ja da baya, ya kauce da gindinsa in ka danna haƙarƙarinsa da yatsa, ya ba ka ƙafafunsa huɗu ka duba kofato. Duk abin da ka yi ta hagu ka maimaita ta dama, don abin da doki ya saba gani da ido ɗaya yana iya ba shi tsoro ta ɗaya idon. Minti 15 zuwa 20 ya isa, kuma a tashi a kan abin da ya yi daidai, ba a kan faɗa ba.

Daga nan sai zubka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, ita kaɗai. Ya sansana ta, ka shafa masa a wuya da kafaɗa, ka ɗora ka sauke har ya daina kulawa. Majayin ne ya firgita shi, don haka a nan za ka fi daɗewa. Zagaya igiya mai laushi ta bayansa da ƙarƙashin ƙirjinsa, ka riƙe bakin biyu a hannu ba tare da ƙulli ba, ka ɗan matse, ya tsaya cak ka saki. Idan ya saba, sai sirdi marar nauyi, irin na 'yan folo in za ka samu aro. Kada a ja majayi gaba ɗaya: a ɗan ja, a zaga da shi, a ƙara. Kada kuma a yi wannan yana ɗaure a turke, a riƙe shi da hannu a wuri mai shinge. Amma a ja majayin yadda sirdi ba zai zame ba, don sirdin da ya juyo ƙarƙashin ciki ya fi komai ɓata dukushi. Kowace rana bayan an sauke, bi bayansa da tafin hannu, musamman tudun kafaɗa inda geza ta ƙare. In ka ji zafi ko kumburi, a huta, tun bai zama miki ba.

Linzamin farko ya zama ɗan siriri mai gaɓa a tsakiya, marar harshe, a sa shi a kan ragama ya yi ta taunarsa, ba a ja. A sanyin Jos na Disamba da Janairu ka ɗumama ƙarfen a hannunka kafin ka sa. Ka kuma sani safiyar hunturu doki ya fi zabura, gara a bari rana ta ɗaga. Wuri ma a zaɓa: fili mai ƙasa mai laushi, ba kan duwatsu ba, ba kwalta ba, nesa da tsofaffin ramukan kuza.

Duba abincinsa ma. Dukushin da ke ɗaure wuni guda ana cika masa dawa da dusa ƙarfi zai yi masa yawa, ba zai natsu ya koyi komai ba. Ciyawa da harawa su fi yawa, hatsi kaɗan, kuma a riƙa fita da shi kullum.

Hawan farko sai ya cika shekara 3, kuma ba ƙato ba, mutum marar nauyi mai natsuwa, da hular kwano a kansa. Wani na riƙe da ragama, shi kuma ya fara kwantar da cikinsa a kan sirdi ya sauka, ta hagu ta dama, sannan wata rana ya ƙetara ƙafa ya zauna a sunkuye kafin ya miƙe. Ba ƙaimi, ba bulala. Tafiya kawai, sai sassarfa daga baya, kuma in da tsohon doki mai sanyin hali a gaba aikin ya ragu sosai. Sukuwa da kayan ado da shiga taro a bar su sai ya haura shekara 4.

In kana so ya fara sanin kiɗa, ranar bikin yaron zai iya tsayawa da shi can nesa da ragama, babu sirdi, inda zai ji ganga yana cin harawarsa. Da ya fara ɗaga kai yana huci, a ƙara nisa ko a mayar da shi gida.