Tambaya da Amsa: Alamomin manhajar kawuna sun ɓace bayan ya sauya launin kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai koyon haɗa manhaja a Aboabo, nan Kumasi. Na haɗa wa kawuna, wanda yake sayar da atamfa da shadda a kasuwar Kejetia, wani shafi da yake rubuta lissafin kaya da na bashi a ciki. Da ganinsa ya yi rauni, sai aka kunna masa saitin ƙara bambancin launi na Windows, fage ya koma baƙi, rubutu ya koma fari. Yanzu yana karanta rubutu sarai, amma alamomin adanawa da gogewa da bugawa duk sun ɓace, ba ya kuma gane inda maɓalli ya fara da inda ya ƙare. In ce masa ya kashe saitin ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima, ya kuma ba kawu lafiya. Kada ka ce masa ya kashe saitin, domin da shi ne yake iya duba littafinsa da kansa ba tare da ya kira yaron shago ya karanta masa sirrin kasuwancinsa ba. Manhajar ce za ka gyara, kuma gyaran bai fi ƙarfinka ba.

Idan aka kunna wannan saiti, Windows yakan sanar da burauza irin su Edge da Chrome da Firefox, su kuwa sai su yi watsi da launukan da ka zaɓa wa rubutu da fage da layukan gefe, su sa na mai kwamfutar, su kuma cire inuwar da ake yi wa akwatuna don ado. Abin da ba sa taɓawa shi ne cikin hoto. To idan alamominka hotunan PNG ne, wato fayilolin hoto na yau da kullum, da aka zana da baƙi ba tare da fage na kansu ba, kamar yadda nake kyautata zato, suna nan daram a inda ka ajiye su, sai dai sun zama kamar gawayi a ɗaki mai duhu. Maɓallan kuma da launi da inuwa ka bambanta su, shi ya sa suka narke cikin fage.

Mafita mafi inganci ita ce ka mayar da alamomin SVG, wato zanen da ake yi da rubutun manhaja, ka rubuta su kai tsaye a cikin shafin, ka ba su launin currentColor, wato su riƙa ɗaukar duk launin da rubutun da ke kewaye da su ya ɗauka. Ka lura cewa idan ka kira SVG ɗin daga waje kamar yadda ake kiran hoto, ba zai gaji launin rubutun ba. Su kuma maɓallai, ka yi musu layin gefe ko da marar launi ne, domin a wannan yanayi burauza takan fito da shi fili.

Kada kuma ka ɗauka kowa baƙin fage yake so. A Windows 11 wannan saiti yana da zaɓi huɗu, Aquatic da Desert da Dusk da Night sky, kuma Desert fage mai haske ne, sannan mutum yana da ikon sauya kowane launi yadda idonsa ya fi jin daɗi. Wanda ya mayar da alamominsa farare ya ce ya gama, ya ceci kawu ne ya kayar da wani. Idan dole ka riƙe PNG, kamar tambarin shago, ka ba shi fage nasa na kansa, ko ka tanadi kwafi biyu, mai haske da mai duhu, shafin ya zaɓa da taimakon forced-colors da prefers-color-scheme, waɗanda suke sanar da shafi ko an kunna saitin da kuma ko fage mai haske ne ko mai duhu.

Akwai wajen da ya fi damuna a manhajar ɗan kasuwar yadi, ko da yake ba ka ambace shi ba. Idan ka yi ƙananan akwatuna masu nuna launin kowane turmi, shuɗi ko ruwan goro ko ruwan ƙwai, kuma da launin fage ka cika su, to burauza za ta shafe su duka su zama iri ɗaya, alhali a nan launin shi ne bayanin. Waɗannan ne za ka keɓe da forced-color-adjust, ka hana a taɓa su, ka kuma rubuta sunan launin a gefe. Amma kada ka shimfiɗa wannan umarni a kan shafin gaba ɗaya, don yin haka daidai yake da kashe wa kawu saitinsa a ɓoye. Hotunan atamfa na ainihi ka bar su yadda suke, kada ka juya launinsu. Haka ma lambar QR ta karɓar kuɗi, ka tabbatar tana zaune a kan farin fage da sarari a kewayenta, domin ba kowace waya ce take karanta wadda aka juya ba.

Sai maganar bashi, wadda ita ce mai iya jawo rigima. Idan ja kake sa wa wanda ake bi, kore kuma wanda ya biya, a wannan saiti duka biyun za su koma launi ɗaya, kuma dattijo zai iya tare abokin cinikinsa na shekaru da maganar sidi ɗari biyar da aka riga aka biya. Ka rubuta "bashi" da "an biya" da kalmomi. Ka'idojin WCAG 2.1 na sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, da ƙungiyar W3C mai tsara ka'idojin shafukan intanet ta fitar a 2018, sun hana dogaro da launi kaɗai wajen isar da bayani, sun kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da fage ya kai 4.5 zuwa 1, na alamomi masu ma'ana kuma 3 zuwa 1.

Wannan saiti daban yake da yanayin duhu da ya shigo wayoyi tare da Android 10 da iOS 13 a 2019, inda mai manhaja ne yake zaɓar launukan, don haka gwada ɗaya ba ya wadatar da ɗayan. Don ka gwada, danna Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen tare don kunna saitin, ka shiga saitin Windows ka bi zaɓuɓɓukan huɗu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka zauna da kawu a shago da rana tsaka, ka bar shi ya shigar da ciniki da hannunsa kana kallon inda yake tsayawa.

Ina kuma roƙonka, idan ba a auna idon kawu ba a 'yan kwanakin nan, ka raka shi sashen ido na asibitin koyarwa na Komfo Anokye ko wani asibitin ido da ke kusa, domin hawan jinin ido yakan ci gani a hankali ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya riga ya ci ba ya dawowa.