RabbitMQ 4.0 ta fito: mu hau ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da taki da maganin feshi a nan Katsina. Babban ofis yana cikin gari, muna da rassa a Daura da Funtuwa. Wanda ya haɗa mana tsarin ya sa RabbitMQ 3.12 a kan saba biyu, wato kwamfutocin da ke ɗauke da tsarin, ita ke kai saƙo tsakanin manhajar ciniki, da ta lissafin kaya a sito, da wadda ke tura wa kwastoma alat. Yanzu ya bar aikin, abin ya dawo hannuna. Na ji an ce 4.0 ta zo da sababbin abubuwa, maigida kuma yana ta tambaya ko za mu hau. Me ta zo da shi? Wani abokina ma cewa ya yi mu watsar da ita mu koma Kafka, wata manhajar kai saƙo. Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ku hau, domin 3.12 ta 2023 ce, kuma masu manhajar sun daina fitar mata da gyara a fili. Amma ba wannan makon ba, kuma ba kai tsaye ba. Abin da zai iya cutar da ku a 4.0 ba ya cikin kayan da aka ƙara. Yana cikin abu ɗaya da aka cire, da wani saiti da aka canza, kuma dukansu ba sa yin kuwwa idan sun fara ɓarna.

Ga masu karatun da ba su san aikin wannan manhaja ba: idan mai kanti ya buga rasit na buhu ashirin, manhajar ciniki ba ta zuwa ta ƙwanƙwasa wa ta sito da ta alat kai tsaye. Sai ta miƙa wa RabbitMQ saƙon, ita kuma ta jera shi a layi har mai shi ya zo ya ɗauka ya ce ya karɓa. Ko manhajar sito ta mutu na awa guda, ciniki ba ya tsayawa, saƙonni na nan suna jira.

To, 4.0 ta fito a watan Satumba na 2024, kuma babban labarinta shi ne an cire layi mai madubi gaba ɗaya. Tunda saba biyu gare ku, ina kyautata zaton da shi aka gina muku tsarin: kowane saƙo yana da kwafi a saba ta biyu, idan ta farko ta faɗi ta biyu ta ci gaba. Tun 2021 aka sanar za a cire shi, kuma da dalili. Idan sadarwa ta yanke tsakanin sabobin yakan zubar da saƙonni, idan kuma saba ta dawo bayan mutuwa, layin yakan daskare har sai an gama kwafe mata abin da ta rasa. Ban yi kukan tafiyarsa ba. Abin da ban so ba shi ne yadda yake tafiya. Idan ka hau 4.0 da tsohon saitinka, komai zai tashi lafiya lau, allon kulawa ba zai nuna ja ba, rasit zai ci gaba da fita. Sai dai ƙa'idar madubin da aka rubuta ta zama rubutu kawai, ba ta aiki. Kowane layi ya koma zaune a saba ɗaya tilo. Ba za ka sani ba sai ranar da faifan wannan sabar ya ƙone, ka je neman kwafi ka tarar babu.

Don haka kafin komai, buɗe saba ka buga rabbitmqctl list_policies, kuma ka yi wa kowane vhost da kuke da shi, wato kowane sashe da aka ware a cikin RabbitMQ mai layukansa da izininsa. Idan ka ga ha-mode, wato ƙa'idar madubi, a cikin abin da ya fito, maganar nan taka ce. Sannan ka buga rabbitmqctl list_queues name type ka ga irin kowane layi.

Magajin madubi shi ne layin rinjaye, wanda za ka ga an rubuta quorum a allo. Ba sabo ba ne, tun 3.8 ta 2019 yake nan, wato yana cikin wadda kuke amfani da ita yanzu. Yana aiki da tsarin Raft: ba a ce wa mai aikowa an karɓi saƙonsa sai mafi rinjayen sabobin sun rubuta shi a faifai. A nan ne lissafin saba biyu ke rushewa. Rinjayen biyu, biyu ne. Ɗaya ta mutu, layi ya tsaya cak. Da uku za ku jure mutuwar ɗaya, da biyar ku jure biyu, huɗu kuwa ba ta fi uku da komai ba sai cin kuɗi. Ka gaya wa maigida tun yanzu cewa manhajar kyauta ce, amma hawan yana da farashi: saba ta uku, da faifan SSD a dukansu, domin layin rinjaye yana yawan tilasta rubutu a faifai kuma tsohon faifai mai juyawa zai ja muku ƙafa. Kuma kada ukun su rataya a inbata ɗaya. Idan aka ɗauke wuta batir ya ƙare suka mutu tare, rinjayen me ya rage?

Na san tunanin da zai zo maka, domin kusan kowa shi ke fara zo masa: a ajiye ɗaya a Katsina, ɗaya a Daura, ɗaya a Funtuwa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kada ka yi. Gungun sabobi yana son sadarwa mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, irin ta waya a gini ɗaya. A kan intanet ɗin da ke zuwa yana tafiya tsakanin garuruwanmu, sabobin za su wuni suna zaɓen sabon shugaba maimakon kai saƙo. Abin da ya dace da rassa shi ne kowanne ya sami ƙaramar RabbitMQ tasa a kwamfutar da ke shagon, a kunna Shovel. Shovel yana kwasar saƙo daga layin reshe ya kai babban ofis, ba ya goge shi a reshe sai can an tabbatar da karɓa, kuma idan sabis ya ɗauke yana sake haɗawa da kansa in ya dawo. Mai kanti a Daura ya ci gaba da buga rasit ko babu netwok, lissafi ya iso Katsina daga baya.

Wani abin lura: ba a juya layi daga wani iri zuwa wani a inda yake. Dole a ƙirƙiri sabo, a kwashe saƙonnin tsohon a zuba. Idan manhajarku ta yi ƙoƙarin buɗe layi da tsohon suna amma da sabon iri, za a kore ta da PRECONDITION_FAILED. Hanya mafi sauƙi ita ce sabon vhost wanda aka saita irin layinsa na asali ya zama quorum. Ka kuma duba ko akwai layukan wucin gadi da manhaja ke buɗewa ta rufe, waɗannan ba sa zama na rinjaye, a bar su yadda suke.

Yanzu ga saitin da na ce an canza, kuma shi ya fi ba ni tsoro a tsari irin naku. A da, idan saƙo ya gagari manhajar da ke karɓa, layin zai yi ta maido mata da shi ba iyaka. A 4.0 layin rinjaye yana da iyaka ta asali: sau 20. Bayan nan, idan ba ka tanadi inda za a kai shi ba, jefar da shi ake yi.

Dalilin sa iyakar mai kyau ne. A ce yaron kanti ya rubuta lambar wayar kwastoma da harafi a ciki, manhajar alat ta karanta ta faɗi, ta tashi, a sake miƙo mata saƙon, ta sake faɗuwa. Saƙo ɗaya ya tare hanya, sauran alat sun taru a baya, faifai yana cika. Iyakar 20 tana kashe wannan. Amma juya misalin. Ranar kasuwa ce, damina ta kama, ana lodin taki ba ƙaƙƙautawa, sai rumbun bayanan sito ya tsaya na minti goma. Manhajar sito ta ɗauki rasit mai kyau, ta kasa rubutawa, ta mayar da shi layi nan take, aka sake ba ta, ta sake mayarwa. Kwamfuta ba ta gajiya, sau 20 ɗin nan kafin ka ɗaga kofin shayi sun cika. Rasit ya tafi, na bayansa ya bi shi. Da yamma manhajar ciniki ta ce an sayar da buhu ɗari uku, ta sito ta ce ɗari biyu da sittin, kuma wanda za a fara yi wa kallon ɓarawo shi ne mai tsaron sito, bawan Allah da bai taɓa jin sunan RabbitMQ ba.

Maganin kashi biyu ne. Na farko, kowane layin rinjaye ya sami ma'ajiyar saƙonnin da suka gagara, ta hanyar ƙa'idar dead-letter-exchange, kuma a sa wani ya riƙa leƙa ta kullum, ko a sa ta yi ƙara idan abu ya shiga. Ga rasit da kuɗi, a saita dead-letter-strategy zuwa at-least-once, tare da overflow a kan reject-publish, don kada saƙon ya ɓace a hanyarsa ta zuwa ma'ajiyar. Na biyu yana cikin manhajarku ne: idan rumbun bayanai ba ya amsawa, ta daina ɗaukar saƙo ta jira, kada ta yi ta karɓa tana mayarwa. Ana iya ɗaga iyakar ko a cire ta da delivery-limit, amma ni ban ba da shawarar cirewa ba.

Tunda muna kan rasit, akwai abin da 4.0 ba ta gyara ba kuma babu sigar da za ta gyara: saƙo yana iya zuwa sau biyu. Manhajar sito ta rage buhu ashirin, kafin ta ce ta karɓa layi ya yanke, sai a sake kawo mata. Kowane rasit ya kasance da lambarsa da ba ta maimaituwa, manhajar ta duba ko ta taɓa ganin lambar kafin ta taɓa lissafi.

Sauran sababbin abubuwan ba su da haɗari sosai. Layin rinjaye ya sami fifiko, amma mataki biyu kawai, na yau da kullum da na gaggawa: saƙon da lambar fifikonsa ta haura 4 shi ne na gaggawa, kuma ana ba da biyu na gaggawa a ba da ɗaya na yau da kullum, don kada na baya su kwana a layi. Zai yi muku amfani idan alat na biyan kuɗi da saƙon talla suna bin layi ɗaya. An rage girman saƙo mafi girma daga megabait 128 zuwa 16, to idan akwai mai cusa hoton takardar lodi a cikin saƙo, ya ajiye hoton wani wuri ya aiko da adireshinsa. AMQP 1.0, ɗaya daga cikin yarukan da manhajoji ke magana da RabbitMQ da su, wadda a da ƙari ce da ake kunnawa, yanzu tana cikin jikin manhajar kuma ta ƙara sauri sosai. Amfaninta zai bayyana ranar da za ku haɗa da wani tsarin da ke jin wannan yaren, kamar Azure Service Bus ko ActiveMQ Artemis. Manhajojinku da ke amfani da AMQP 0.9.1 ba sa bukatar canji saboda wannan. Akwai kuma Khepri, sabon wurin ajiye bayanan tsarin kansa, wato sunayen layuka da masu amfani da izininsu, a madadin tsohon wurin, Mnesia. A 4.0 zaɓi ne, daga 4.2 shi ne na asali ga sabon gungu. Shi ma da rinjaye yake aiki, wani dalilin ke nan na saba ta uku. Gargaɗi ɗaya: kada ka kunna shi kana kan 3.13, a can na gwaji ne, kuma gungun da ya kunna shi ba ya hawa 4.0 ta hanyar da aka saba.

Maganar Kafka kuwa, ka gode wa abokinka. Kafka ta ƙware wajen riƙe tarin bayanai masu kwarara da ake son a sake karantawa daga baya, kuma ita ma 4.0 ɗinta ta Maris 2025 ta cire ZooKeeper, manhajar da ta dogara da ita a da wajen haɗa kan sabobinta, masu ita suna can suna nasu ƙaurar. Kamfani mai rassa biyu da mutum ɗaya mai kula da saba ba ya bukatar sake rubuta manhaja uku don wannan. Idan wata rana kuna son sake karanta cinikin wata guda daga farko, RabbitMQ tana da layi irin stream tun 3.9.

Game da hanyar hawa, daga 3.12 ba a tsallakawa zuwa 4.0. Sai an bi ta 3.13, wadda ke bukatar siga ta 26 ta Erlang, yaren da aka rubuta RabbitMQ da shi, a kunna duk tutocin da suka tabbata, wato makunnan sababbin abubuwa, da rabbitmqctl enable_feature_flag all kafin kowane mataki. Kuma babu komawa baya, wanda ya hau ya hau. Shi ya sa ni da zan yi muku aikin, ba zan taɓa sabobin da ke aiki ba. Tunda dole ku sayi saba, sai a kafa sabon gungu a gefe a kan sigar 4 mafi sabunta, ba 4.0 ɗin kanta ba, domin gyaran da ake fitarwa a fili na bin ta ƙarshe ne. A fitar da saitin tsohon da rabbitmqctl export_definitions, a buɗe fayil ɗin a cire ƙa'idojin madubi, a mai da layukan su zama quorum, a shigar a sabon. Idan kuɗi bai kai na saba uku sababbi a lokaci ɗaya ba, a fara da sabuwar ita kaɗai, a ja tsofaffin biyu cikin gungun bayan an kwashe su, amma ka tuna layin da aka buɗe lokacin saba ɗaya ce ba ya bazuwa da kansa, sai ka buga rabbitmq-queues grow ga kowace sabar da ta shigo.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a bar lokacin rububin taki ya wuce, a kuma kauce wa makon Sallah. Kafin ka juya manhajar ciniki zuwa sabon gungun, yi gwaji biyu da hannunka. Zare wayar wutar saba ɗaya ana tsakiyar aika saƙonni, ka ƙirga abin da ya fita da abin da ya iso. Sannan ka kashe rumbun bayanan sito na minti biyar, ka kunna, ka buɗe ma'ajiyar saƙonnin da suka gagara ka ga rasit nawa suka faɗa ciki. Idan akwai ko ɗaya mai kyau a ciki, manhajar sito za a fara gyarawa.